Sana'ar Murya: Shiga Ba Wuya, Daɗewa Ce Aiki

 

Uwargida, ki tuna abin da kika saba yi da hantsi, bayan yara sun tafi makaranta maigida kuma ya fita. Kin kunna rediyo kin ɗora bisa taga kina wanke-wanke, can sai ga wata mata tana rusa kuka a cikin akwatin wai an yi mata kishiya ba a gaya mata ba. Sai ki tsaya da kwano a hannu har kumfa ya bushe, kina taya ta jin haushi. Da yamma kuma 'yarki ta ɗauko waya tana kallon fim ɗin Indiya, ga yarinya da jan ɗigo a goshi tana zuba Hausar Kano kamar a Fagge aka yanke mata cibiya. To, wancan kuka da wannan Hausa duk na wasu 'yan'uwanki mata ne. Watakila ma kin taɓa shiga adaidaita sahu ɗaya da ɗayarsu daga Gwagwarwa zuwa Bata, ba ki sani ba. Sana'arsu ke nan. Da ita suke sayen sabulu da man shafawa, wasu har da biyan kuɗin makarantar yara.

Yanzu 'yan mata da yawa suna sha'awar wannan aiki, kuma shigarsa ba ta da wuya kamar da. Yarinya mai zaƙin murya, in ta sami wanda ya kai ta sutudiyo, cikin mako guda sai a ji ta a talla. Abin da ya kamata mu tambaya shi ne, ina take bayan shekara biyar? Ina take bayan shekara ashirin? Galibi sai ki tarar ta ɓace. Wata muryar ce ta dushe, wata aure ne ya zo ba a yi shawara ba, wata kuwa gajiya ta yi da aikin da ba a biya. Kaɗan ne ke daɗewa, kuma ba lalle ne su ne suka fi kowa daɗin murya ba tun farko.

Sana'ar nan ta girmi yawancinmu

Kada ki ɗauka da fim ɗin Indiya aka fara. Tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Malam Isa Kaita da Malam Bello Dandago suna birnin Akara na ƙasar Gana suna karanta labarai da Hausa ta rediyo. Sashen Hausa na BBC ya soma a 1957, gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a Kaduna kuma a 1962. Wasan kwaikwayon Hausa da dama da aka karanta a makarantu a rediyo aka fara jin su kafin su zama littafi, kamar Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi da Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan. Marigayi Usman Baba Pategi, watau Samanja, wanda ya rasu a 2023, mutanen karkara da yawa sun san muryarsa shekara da shekaru kafin su ga fuskarsa.

A nan Kano kuwa, wajen Nassarawa da unguwannin masana'antu su ne gidan wannan sana'a. Gidan talabijin na NTA yana kan titin Bompai. Gidan CTV da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a farkon shekarun 1980, wanda yanzu ake kira ARTV, yana Hotoro. Gidan rediyon Freedom da aka buɗe a 2003 yana cikin Sharaɗa, tsakiyar kamfanoni. Ga Rediyon Kano, uwa ma ba da mama, wadda ta riga su duka. Daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na waɗannan gidaje na gwamnati ne aka sami da yawa daga cikin dattawan da suka riƙe finafinan Hausa bayan fitowar Turmin Danya a 1990. Sa'an nan bayan 2010 aka shiga yayin ɗora muryar Hausa a kan finafinan Indiya, inda sunan Algaita ya yi tashe, tashar Arewa24 da ta soma a 2014 ita ma ta riƙa nuna wasannin ƙasashen waje da bakin Hausa, haka nan kamfanin StarTimes da wasannin ƙasar Sin.

Me ya sa nake ganin aikin ya dace da mace, har ma matar aure? Domin ba a ganin ki. Kowa ya san yadda abin yake a finafinanmu: yarinya tana tashe, ranar da aka ɗaura mata aure galibi ranar ta yi sallama da kyamara. Amma mai murya tana shiga ɗaki da hijabinta, ta tsaya gaban makirufo, ta yi aikinta ta koma gida, ko maƙwabciyarta ba lalle ta sani ba. Dubi mawaƙan finafinai. 'Yan wasa nawa ne suka motsa baki a kan muryar Fati Nijar, 'yar Maraɗi, ko ta Maryam A. Baba da ake ce wa Sangandale, suka yi zamaninsu suka wuce, alhali masu muryar suna nan ana jin su? A Indiya ma haka ne. Lata Mangeshkar, wadda iyayenmu suka sha jin muryarta a silima, ta fara waƙar fim a 1942, ta yi wa 'yan wasa waƙa, ta zo ta yi wa sa'o'in 'ya'yansu, kafin ta rasu a 2022 tana da shekara 92.

Amma wadda labarinta ya fi kama da namu wata Baturiya ce 'yar Ingila, June Spencer. Akwai wani wasan kwaikwayo na rediyon BBC a kan rayuwar manoma mai suna The Archers, wanda aka fara watsawa a duk ƙasar a 1951. Tana cikinsa tun ranar farko, tana fitowa a matsayin wata matar aure mai suna Peggy. Da hidimar 'ya'ya ta taso sai ta ajiye matsayin na wasu shekaru, wata ta riƙe, ta dawo ta karɓi abinta a farkon shekarun 1960. Ba ta yi ritaya ba sai a 2022, tana da shekara 103. Ta rasu a 2024. Ki lura da abu biyu a nan. Na farko, ta tafi reno ta dawo, ƙofa ba ta rufe ba. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, Peggy ɗin ta tsufa tare da ita: ta fara tana matashiyar uwa, ta zama suruka, ta zama kaka, ta ga tattaɓa kunne.

Kada ki nace sai budurwa

Nan ne mata da yawa suke faɗuwa. Yarinya ta shigo tana da shekara goma sha tara, murya siririya kamar sarewa, kullum ita ce masoyiya, ita ce amarya. Ta saba, har ta ɗauka matsayin gadonta ne. To murya ba ta zama wuri ɗaya. Haihuwa da shekaru suna taɓa ta, lokacin ɗaukewar al'ada kuwa muryar mata da yawa takan ƙara kauri ta sauka ƙasa kaɗan. Ranar da darakta ya ce ke ce uwar yarinyar yau, sai fuska ta ɓaci, a yi fushi a daina zuwa. Wata kuma sai ta dinga matse maƙogwaro tana ƙaƙalo muryar 'yan mata, ta wahalar da kanta, mai sauraro kuma ya gane.

Alhali kuwa in kin duba, a kowane wasa budurwa ɗaya ce ko biyu, kuma kullum ana samun sababbi suna layi. Amma uwa fa? Da uwar miji, da kishiya, da gwaggo mai zuga, da dillaliya, da ungozoma, da malamar asibiti, da tsohuwa mai tatsuniya? Waɗannan su ne ba a cika samun wanda ya iya su ba, kuma su ne gishirin wasa. Wasannin da ƙungiyoyin kiwon lafiya suke ɗaukar nauyi sun fi kowa bukatarsu. Gugar Goge, wanda aka watsa a Kano da Kaduna a 2006 a kan ciwon yoyon fitsari, kashi 70 ne. Ruwan Dare da ya biyo bayansa daga 2007 zuwa 2009 kashi 208 ne. Wadda ta sami matsayin uwa a irin wannan wasa ta sami aikin shekara biyu ke nan. Saboda haka tun kina yarinya ki fara koyon muryar manya. Ki zauna kusa da kakarki ki ji inda take jan numfashi, da yadda take jinkirta magana in za ta yi faɗa. Ki saurari mai tallan fura, da mai kitso in hira ta yi daɗi, da matar da ke ciniki a kasuwar 'Yankaba.

Har muryar yara maza ma mata ne suka fi riƙe ta, don yaro na gaske muryarsa takan fashe in ya balaga. A Amurka wata mata mai suna Nancy Cartwright ita ke yin muryar wani yaro ɗan shekara goma, Bart Simpson, a wasan zane tun 1987. Yaron bai girma ba har yau, ita kuwa ta haura sittin tuntuni.

Sai Hausar kanta. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. In kika ga an rubuta gari, na zama ne ko na tuwo? Kuka, na hawaye ne ko na miya? Wuya, ta jiki ce ko ta wahala? Sai idonki ya riga bakinki isa ƙarshen jimla kafin ki sani. Wannan ba ya samuwa sai da karatu a bayyane kullum, ko da shafi biyu ne na jarida ko littafin hikaya. Wadda take tuntuɓe a karatu tana cinye wa sutudiyo lokaci da man janareto, kuma ko ba a faɗa mata ba, ba za a sake kiran ta ba. In kuma kin iya Sakkwatanci ko Katsinanci ko Hausar Damagaram ban da Kanancinki, kin ƙara wa kanki ƙofofi.

Ɗora murya a fim yana da tasa wahalar daban. Za a sa miki abin sauraro a kunne, ga hoto a gabanki, ga takardar fassara a hannu. Dole ki fara inda 'yar wasan ta buɗe baki, ki tsaya inda ta rufe. Sau da yawa jimlar Hausa takan fi ta asali tsawo, sai an datse ta nan take ba tare da ma'ana ta zube ba. Inda leɓunanta suka haɗu, ana so ke ma a ji harafin da ke haɗa leɓe, kamar ma ko ba. In ta yi dariya ki yi, in ta yi shessheka ki yi, ko da kuwa yau ɗin nan aka yi miki albishir. Macen da ta iya gyara fassara da bakinta a tsaye, ita ce wadda ba a rabuwa da ita, kuma ita ce gobe za ta zama mai fassara ko mai ba da umarni in tsayuwa gaban makirufo ta fara gundurar ta.

Maƙogwaro shi ne shagonki

Bari mu ɗan daɗe a nan, don nan ne asara ta fi yawa. Muryar da kike ji tana fitowa ne daga wasu 'yan tsoka biyu sirara a cikin maƙogwaro, tsawonsu bai kai gaɓar yatsa ɗaya ba. Iskar huhu ce ke bi ta tsakaninsu tana kaɗa su. A muryar mace sukan haɗu su rabu wajen sau 200 a cikin daƙiƙa ɗaya, a ta namiji kuwa kamar rabin haka. Ki auna sau nawa ke nan a aikin awa uku. In aka matsa musu da ihu ko doguwar magana ba hutu sai su kumbura, murya ta dushe. In aka ci gaba a haka wata da watanni sai su yi kanta, irin wadda taɓarya ke yi wa tafin hannu. Daga nan murya ta zama mai gautsi, ta riƙa yankewa in an ɗaga ta. Wannan ciwo ya fi kama mata, musamman malaman makaranta da mawaƙa.

Abin mamaki, ba a sutudiyo aka fi kashe murya ba, a gida ne. Ƙwala wa yaro kira daga ɗaki zuwa ƙofar gida. Faɗa da 'yan aike. Gidan biki, inda za ki yi awa huɗu kina hira kina gasa da lasifika, ga guɗa ga shewa. In kina da aiki ranar Litinin, bikin Lahadi ki je ki yi Allah sanya alheri, ki yi murmushi, ki bar wa wasu guɗar. Sai hayaƙi: na itace, na gawayi, na janareto, har da turaren wuta da muke so, in an rufe ɗaki da shi. Masu zama kusa da kamfanonin Sharaɗa da Bompai, ko majemun Challawa, sun san irin iskar da wani lokaci ake shaƙa. Da hunturu kuwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura da bushewar iska suna haɗuwa, sai ki rufe hanci da baki in za ki hau babur ko adaidaita, ki riƙa numfashi ta hanci.

Na san za a ce ai ga zuma, ga citta, ga kanumfari. Ba na hana ki, suna da daɗi kuma suna sanyaya wuya. Amma ki sani duk abin da kika haɗiya ta hanyar abinci yake bi, ba ya taɓa waɗannan 'yan tsoka, don da ya taɓa su da kin ƙware. Abin da ke isa gare su shi ne ruwan da kika sha ya bi jiki, da tururin da kika shaƙa. Saboda haka ki riƙa kurɓar ruwa tun safe, ba sai kin ji ƙishi ba, in kuma wuya ya bushe ki yi sirace da ruwan zafi zalla. Da azumi ki roƙi a sa miki aiki mai nauyi da sassafe ko bayan an sha ruwa, ba da la'asar ba lokacin da maƙogwaro ya bushe ƙamas.

Abu biyu da ake ɗauka taimako ne alhali ɓarna ne: yawan gyaran murya da raɗa. Gyaran murya buga tsokar nan ne da juna da ƙarfi. Gara ki haɗiyi yawu ko ki kurɓi ruwa. Raɗa kuma, in murya ta riga ta dushe, ƙara mata gajiya take yi. In ta dushe, shiru ne magani, kwana ɗaya ko biyu, ko da za a ce kina fushi. Sa'an nan ƙwannafi. Tuwo da miya mai yaji da mai da daddare, a kwanta nan take, sai ruwan ciki mai tsami ya hau har maƙogwaro ya ƙone shi, ki tashi da safe murya a shaƙe. Ki ba da tazarar awa biyu zuwa uku tsakanin cin abinci da kwanciya. Maganin tari kuwa ba maganin murya ba ne. Kin dai san abin da kodin ya yi wa 'ya'yan mutane har gwamnati ta hana yin maganin tari mai shi da shigo da shi a 2018. Haka nan ƙwayoyin ƙiba da ake sayarwa a ɓoye, ki nisance su. Akwai magungunan da ke ɗauke da sinadarin maza, in suka kaurara muryar mace ba ta komawa.

Dushewar da ta wuce mako uku, ba mura ba tari, ta wuce maganin gida. Haka in kina jin zafi wajen haɗiya, ko kin ga kumburi a wuya irin na maƙoƙo. Ki nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Akwai sashensu a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, akwai kuma cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna. Kunnen ma ki kula da shi, kada ki ƙure ƙarar abin sauraro, don wadda ba ta jin kanta sosai ihu take yi ba ta sani ba.

Ina kuɗin yake?

Gaskiya ɗaya ce, aikin murya ba albashi ba ne sai ga wadda gidan rediyo ya ɗauka. Saura duk na wucin gadi ne, yau akwai gobe babu. Kuma inda kuɗin ke fitowa yana sauyawa. A shekarun 1970 zuwa farkon 1980, lokacin da masaƙu da kamfanonin alewa da na roba da na man gyaɗa suke aiki dare da rana a Bompai da Sharaɗa, talla tana da yawa. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da matsalar wutar lantarki, da kwararowar kayan waje, kamfanoni da yawa suka rufe, tallarsu ta bi su. Sai kamfanonin waya suka zo daga 2001, ga makarantu masu zaman kansu, ga masu maganin gargajiya, ga 'yan siyasa duk shekara huɗu. Finafinai ma haka: daga kaset aka koma faifai, kasuwar faifai ta mutu aka koma turawa a waya da YouTube. Duk wadda ta jingina da ƙofa ɗaya, ranar da aka rufe ta sai ta zauna. Mai daɗewa ita ce mai wasan kwaikwayo a nan, talla a can, karanta littafin hikaya ga masu sauraro a intanet, sanarwar rigakafi in ta samu, ga kuma ɗan ɗinki ko koyarwa ko sayar da atamfa a gefe. Kuɗin kakar zaɓe kuwa ki ɗauke shi kamar na kaka, a zuba a adashi ko a sayi abin da zai zauna.

Ba kowace talla ake karɓa ba. Fuskarki ba a gani, amma muryarki dangin mijinki sun san ta. Tallar maganin da ba shi da lambar hukumar NAFDAC, ko mai kalaman da ba za ki iya maimaitawa gaban surukarki ba, ki bar ta ko nawa ne. Waƙar zagin ɗan takara ma haka. Zaɓe zai wuce, a bar ki da tambarin jam'iyya, ɗaya ɓangaren kuma ya daina kiran ki.

Sai maganar da mata suka fi jin kunya, watau ciniki. Mukan ce ai Alhaji ba zai cuce ni ba, ai ɗan unguwarmu ne. A yi aiki, a ce za a kira ki, shiru. Ki sayi littafi na musamman ki riƙa rubuta ranar aiki, da sunan aikin, da abin da aka yi alkawari, da abin da aka bayar. Kafin ki buɗe baki ki tambaya: wannan talla a gidan rediyo nawa za a sa ta, kuma har tsawon wane lokaci? Don tallar wata ɗaya a gida ɗaya ba kuɗinsu ɗaya da wadda za a yi shekara uku ana sakawa a jihohi bakwai ba. In ba a yi takarda ba, ko saƙon waya ne a rubuta, ki adana. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta tanadi haƙƙin mai wasa a kan abin da aka naɗa na aikinsa, amma doka ba ta aiki ga wanda ba shi da shaida. Ki kuma sani wasu ƙananan masu fassarar fim ba su da izinin masu fim ɗin, ranar da aka rufe musu shafi kuɗinki ya bi ruwa. Irin wannan aiki a biya ki a hannu kafin ki bar wurin.

Ga kuma wani sabon abu da iyayenmu ba su sani ba. Yanzu akwai na'urori masu ƙirƙirarriyar basira da za a ba su muryar mutum ta ɗan lokaci, su koye ta, su riƙa faɗin abin da bai taɓa faɗa ba. Wannan yana cikin abin da ya sa 'yan wasan Amurka suka yi yajin aiki na kwana 118 a 2023, masu ɗora murya a wasannin kwamfuta kuma suka shiga nasu a 2024. Hausa ma ana tattara muryoyinta don koya wa na'ura. Ba na cewa aikin haramun ne, wata ma yana iya zame mata hanyar samu. Amma in aka kira ki karanta ɗaruruwan jimloli marasa kan gado, ba wasa ba talla, ki tambaya me za a yi da su. Koya wa na'ura jin Hausa daban, ƙera muryar da za ta yi magana a madadinki daban. In na biyun ne, kin sayar da gonar ne ba amfanin gona ba, sai farashin ya zama na gona, kuma a rubuta inda aka yarda a yi amfani da ita da inda ba a yarda ba.

Gida da makaranta

Uwargida, kada ki fara a ɓoye. Abin da aka fara a ɓoye ranar da ya fito ranar yake mutuwa. Ki zauna da maigida ki gaya masa wurin, da lokacin, da irin matsayin da za ki riƙa fitowa. In da hali ya raka ki ran farko ya ga ɗakin da idonsa, don yawancin zargi daga rashin sani yake. Ki nemi aikin rana, ki ƙi na dare. Ke kuma budurwa, a yi wannan magana tun ana neman aurenki, gaban waliyyinki, kada ki bari sai an kai lefe. In haihuwa ta zo ki huta, amma kada ki yanke zumunci da abokan aiki. Gaisuwar salla da barka suna riƙe suna a zukatan mutane. Yanzu ma wasu ayyukan a gida ake yin su: waya mai kyau ko ƙaramin makirufo, ɗaki mai labule da katifa da kaya a rataye don su shanye amsa-kuwwa, a kashe fanka, a jira yara su yi barci.

'Yan makaranta kuwa, ku gama karatunku tukuna. Ku shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo da ta muhawara, ku riƙe darasin Hausa da na Turanci da kyau, don mai fassara da kanta ta fi mai jiran a fassara mata daraja. Jami'ar Bayero tana koyar da aikin jarida da wasan kwaikwayo, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano tana da sashen aikin jarida, akwai kuma kwalejin talabijin ta NTA a Jos. Duk wanda ya ce ki zo gwajin murya a ɗakin otal, ko ke kaɗai da daddare, ko ki kawo kuɗi kafin a saurare ki, ba aiki yake nufi ba. Gwaji na gaskiya a sutudiyo ake yin sa da rana, kuma ba mai hana ki zuwa da yayarki ko ƙaninki.

Ga abin da za ki iya farawa da shi a makon nan, ko kina aji uku ko kina da 'ya'ya biyar. Ki ɗauki waya ki naɗi muryarki na minti biyu kacal: rabin minti kina karanta sanarwa, rabin minti kina budurwa, rabin minti kina uwar miji, rabin minti kina tsohuwa mai ba jikoki labari. Ki saurara, ko da ba za ki ji daɗin abin da kika ji ba, don kowa haka yake ji da farko. Ki rubuta kwanan wata a jiki ki adana a wuri biyu, kada ɓatan waya ya tafi da shi. Bayan wata shida ki sake naɗar wani ki gwada su. Wanda ya fi kyau shi za ki riƙa tura wa furodusa in an tambaye ki, kuma duk shekara ki sabunta shi, don a ji muryar da kike da ita yanzu ba ta bara ba.